Karkarwar fukafukan tabayin: mene ne ita, kuma ana iya gwada ta a Bauchi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Injiniya, ni ɗan Gombe ne, ina ajin ƙarshe a fannin injiniyan ƙere-ƙere a Bauchi. An ba ni aikin kammala karatu a kan karkarwar fukafukan tabayin, wato injin da tururi ko gas ke juyawa a tashar wutar lantarki. Na karanta har na gaji, ban ga bambancinta da jijjigar da kowane inji ke yi ba. Kuma duk gwaje-gwajen da na gani a Turai aka yi su, da kayan da ba mu da su. Abokaina sun ce in haƙura da gwaji, in zana a kwamfuta in miƙa. Akwai abin da zan iya aunawa da hannuna, ko ɓata lokaci ne tunda mu nan tashar wutar ruwa ta Dadin Kowa kawai gare mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bi shawarar abokanka, ka yi gwajin. Amma kafin mu kai can, bari in raba maka abu biyun da suka cakuɗe maka, domin ba kai kaɗai suke rikitawa ba. Na yi aiki da mutanen da suka shekara ashirin a tashar wuta, amma duk abin da ya motsa a jikin inji suna ɗaya suke kiransa.

Ranar hawan Sallah ka tsaya a ƙofar fadar Sarkin Gombe, ka dubi mai ganga, ka dubi mai algaita. Ganga ba ta magana sai gula ta sauka a kanta. Sau nawa aka doke ta, sau nan za ta amsa, in makaɗi ya ɗauke hannu ta yi shiru. Algaita kuwa babu mai dukanta. Mai busa ya cika kumatu, iska na fita a miƙe ba yankewa, amma ɗan karan da ke bakinta yana buɗewa yana rufewa sau ɗaruruwa cikin sakan guda. Wa ke kaɗa shi? Shi ke kaɗa kansa. Da ya motsa kaɗan sai matsin iskar da ke ratsa shi ya canza, canjin matsin ya sake tura shi, turawar ta sake canza matsin. Jijjigar da ka saba ji irin ta ganga ce. Karkarwa, wadda littattafanku ke kira fulota, irin ta algaita ce.

A cikin tabayin duka biyun suna nan. Kowane layin fukafukai masu juyawa yana bayan layin na tsaye, masu karkata tururi, kuma duk sanda fiffike ya gifta bayan na tsaye sai ya sha ɗan duka. Wutarmu ta Najeriya 50 Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a sakan, don haka manyan tabayin da ke haɗe kai tsaye da janareta suna juyi 3,000 a minti, wato 50 a sakan. Dukan da fiffike ke sha dole ya zo a ninkin wannan: 50, 100, 150, haka har sama. Shi kuma kowane fiffike da muryarsa. Yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa ta ji amonta kafin ta biya, haka muke buga fiffike da 'yar guduma mai na'ura a kai, mu karanta sau nawa yake kaɗawa a sakan. In muryar ta faɗa daidai kan ɗaya daga cikin ninkin nan, jijjiga ta yi tsanani. Wannan tsohuwar matsala ce, kuma tun 1924 Wilfred Campbell na kamfanin General Electric ya fito da zanen da har yau ake bi don kauce mata: a yi ta gyara kaurin fiffike da siffarsa har muryarsa ta faɗa tsakanin ninki biyu, a ce 122, ba kusa da 100 ba, ba kusa da 150 ba. Karkarwa ba ruwanta da wannan zane. Fiffiken da aka ajiye lafiya lau a 122 yana iya tashi da kaɗawa a 122 ɗin ba tare da komai ya doke shi ba. Shi ya sa abin da mai bincike ke fara dubawa shi ne ko kaɗawar ninkin juyin shaf ce, wato sandar tsakiya da ke juyi ɗauke da fukafukan. In ba ninkinsa ba ce, sai ya gyara zama.

Abin da ke raba gardama gaba ɗaya shi ne lokaci. Ka tuna lilo. Yaron da ke turawa, in ya sa hannu daidai sanda lilon ya fara tafiya gaba, ko da yatsa ɗaya ne, lilon ƙaruwa zai yi ta yi. In ya sa hannun sanda lilon ke dawowa kansa, da wannan ƙarfin dai, tsayar da shi zai yi. Haka tururi yake da fiffike. A kowane zuwa da dawowa, ko dai tururi ya zare ƙarfi daga fiffike ya kwantar da shi, ko ya ƙara masa. Franklin Carta ya tsara lissafin haka a 1967: a tara aikin da matsin iska ya yi a kan fiffike cikin kaɗawa ɗaya cikakkiya. In ya fito iska ce ke bayarwa, kuma abin da take bayarwa ya fi abin da ƙarfen ke iya shanyewa, karkarwa ta kama. Duk binciken da ka gani an yi a Turai, in ka tace shi, tambaya ɗaya ce za ta saura: matsin ne ke gaba da motsi ko motsin ne ke gaba da matsi, kuma da nawa? Ka riƙe wannan, domin shi za ka auna.

Me ya sa ƙarfen ba ya shanyewa? Ka ɗauki layin ƙarshe na tabayin tururi, inda tururin ya riga ya buɗe ya yi yawa, yana neman hanyar fita zuwa kwandensa, inda ake sanyaya shi ya koma ruwa. Fukafukan can sun fi kowanne tsawo, a manyan injuna sun haura mita ɗaya, sirara ne ta sama, a murɗe. Bakinsu na gudun da ya kai mita 600 a sakan, ya wuce gudun sauti. A ce fiffike kilo 20 ne, tsakiyar nauyinsa tana mita ɗaya da rabi daga tsakiyar shaf. Ka yi lissafin da kanka, a juyi 3,000 ƙarfin da ke fizgar gindinsa ya kusa tan 300. Tirela goma ke nan ta simintin Ashaka, kowace da buhu 600, rataye a gindin fiffike ɗaya. Wannan fizga tana ɗaure gindin a mazauninsa tamau, ba ya zamewa balle gogayya ta ci ƙarfin kaɗawar, shi kuma ƙarfe a karan kansa kamar ƙararrawa yake, in ka buga ya daɗe yana amo. Mota na da shokozoba. Fiffiken da ke tsaye shi kaɗai kusan ba shi da wata shokozoba sai tururin da ke ratsa shi. Ranar da tururin ya juya ya zama mai turawa, babu mai riƙe shi. Kuma lissafin gajiyar ƙarfe ba shi da tausayi: fiffiken da ke kaɗawa sau 100 a sakan zai cika kaɗawa miliyan 10 cikin awa 28. Wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke, ita ce dai, sai dai wannan cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi ta yi abin da hannunka ba zai yi ba a shekara.

Na ga ƙarshen irin wannan da idona a wata tashar tururi da na yi aiki a kudu. An tsayar da inji don babban gyara, aka ɗage murfi. Muka wanke gindin fukafukan layin ƙarshe, muka fesa jan ruwan gwaji, muka ba shi kamar minti ashirin, muka goge tas, sannan muka fesa farar hoda. Na farko fari fat. Na biyu fari fat. A na bakwai sai ga wani jan zare siriri kamar gashi yana fitowa a hankali daga cikin farin, daidai ƙugiyar farko ta gindi. Muka sami irinsa a wasu huɗu. Da aka yanke ɗaya aka buɗe tsagar, fuskar karayar na da layi-layi masu lanƙwasa, irin waɗanda ruwan madatsar Dadin Kowa ke bari a gaɓa in yana janyewa da rani. Kowane layi alamar inda tsagar ta tsaya ne kafin ta ci gaba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na'urorin da ke kan boris, mazaunin da shaf ke juyi a ciki, waɗanda muke zuba wa ido dare da rana a ɗakin kula, ba su taɓa nuna komai ba. Fukafukan na kaɗawa wasu gaba wasu baya, ƙarfinsu na kashe juna kafin ya kai shaf. Aka yi wata da watanni ana jayayya. Masu ƙera injin suka ce mun daɗe muna tafiyar da shi da ƙaramin lodi, wato yana ba da wuta ƙasa da ƙarfinsa, ga kwandensa ba ta ja yadda ya kamata, mu kuma muka ce ƙirarsu ce. Littafin aiki ya nuna akwai gaskiya a maganarsu. Amma ba wanda ya auna fiffiken yana juyi, don haka aka sauya layin da kuɗi masu yawa, aka rufe inji, kowa ya tafi da ra'ayinsa. Tun daga lokacin nake ganin girman duk wanda ya tsaya ya auna abu.

Akwai abin da ya bambanta fiffiken tabayin da na jirgin sama, kuma shi ya sa gwajin ke da wuya. Na jirgi ba shi da nauyi in ka gwada da iskar da ke ɗauke da shi, iska na iya haɗa lanƙwasarsa da murɗarsa ta canza masa murya. Na tabayin ƙarfe ne mai nauyi, tururi bai isa ya canza masa murya sosai ba. Sai dai yana da maƙwabta. In ya motsa, hanyar da ke tsakaninsa da na kusa ta matse ko ta buɗe, matsin da ke kan maƙwabcin ya canza. Ka taɓa ganin iska ta ratsa gonar shinkafa a fadama? Kowace zangarniya na sunkuyawa jim kaɗan bayan ta kusa da ita, sai ka ga kamar igiyar ruwa na tafiya a kan gonar, alhali ba wadda ta bar inda take. Haka kaɗawa ke zagaya layin fukafukai. In fukafukai 60 ne, tazarar da ke tsakanin fiffike da maƙwabcinsa a lokacin kaɗawa, in an ɗauki kaɗawa ɗaya cikakkiya a matsayin digiri 360, na iya zama digiri 6, ko 12, ko 18, haka dai, igiyar kuma tana iya bin juyin shaf ko ta saɓa masa. A yawancin waɗannan tazarori kwantarwa tururi ke yi. Masu haɗari 'yan kaɗan ne, amma guda ɗaya ta isa.

To ba wanda zai ba ka injin tasha ka karya don ka koya. Dabarar da aka fi bi ita ce a jera fukafukai biyar ko bakwai a tsaye cikin bututun iska, ba sa juyi, a hura musu iska ta kusurwar da tururi zai zo musu a inji. Maimakon a zauna jiran karkarwa ta zo da kanta, sai a kama na tsakiya a kaɗa shi da gangan, da ɗan injin lantarki ko da maganaɗisu, murɗa kaɗan ta digiri ɗaya ko biyu. A jikinsa da jikin maƙwabtansa an huda ƙananan ramuka, kowane da na'urar jin matsi mai saurin amsawa, a rubuta motsi da matsi da agogo ɗaya. Daga nan za a san abin da fiffike ke yi wa kansa da abin da yake yi wa na dama da na hagu. Galibi in ka wuce maƙwabci na biyu tasirin ya kusa ɓacewa. Tunda motsin ƙarami ne, ana iya harhaɗa sakamakon a lissafa abin da zai faru in duka 60 ɗin na kaɗawa a kowace tazara. Masu bincike a Japan ne suka kafa wannan dabara wajen 1980. Abin da ake yawan samu kuwa, fiffike a kan kansa kwantar da kansa yake yi, fitinar daga maƙwabci na kusa take zuwa.

A Lausanne ta ƙasar Suwizalan, Albin Bölcs da Torsten Fransson sun yi aiki da zoben fukafukai cikakke wanda ba ya juyi, inda ake kaɗa kowane fiffike da maganaɗisunsa a tazarar da ake so. A 1986 suka tattara gwaje-gwajen da aka amince da su, suka fitar da siffar fukafukan da lambobin a fili, domin duk wanda ya rubuta manhajar lissafi ya gwada ta a kansu. An ci gaba da ƙara musu daga baya. Ka nemi na 4 da na 11, na tabayin ne. Fransson ya koma jami'ar KTH a Suwidin, wadda ta jagoranci babban aikin haɗin gwiwar Turai mai suna FUTURE da aka fara a 2008. A Jamhuriyar Cek, inda ake ƙera tabayin tururi a garin Plzeň, cibiyar bincikensu da ke Nový Knín tana zuƙe iska daga tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, sai a buɗe bawul iskar waje ta kwararo ta cikin fukafukan gwaji da gudun sauti na ɗan lokaci. Na kawo maka wannan ne don ka ga su ma abin da ƙasarsu ta ba su suka duba suka yi dabara da shi. Manhajar da abokanka ke cewa ka dogara da ita, a kan irin waɗannan gwaje-gwaje aka raine ta, kuma har yau inda iska ta ɓalle daga bayan fiffike ko igiyar tsawa ta gudun sauti ke yawo a kansa, nan lissafi ya fi yin tuntuɓe.

Abu biyu da aka koya za su yi maka amfani kai tsaye. Na farko, ka ƙirga faɗin fiffike nawa iska ke wucewa kafin ya gama kaɗawa ɗaya. In adadin ya yi yawa, wato fiffike siriri ne, mai jinkirin kaɗawa, cikin iska mai gudu, haɗari ya ƙaru. An daɗe ana ƙira da wannan doka kaɗai. Na biyu, a 2000 Josef Panovsky da Robert Kielb suka nuna, bisa gwaje-gwajen Lausanne, cewa yadda fiffike ke motsi, wato inda ƙusar murɗawarsa take, ya fi wancan adadi tasiri a fukafukan ƙarshe na tabayin. Fiffike ɗaya, iska ɗaya, ka matsar da ƙusar kawai, mai lafiya ya koma mai karkarwa.

Matakin ƙarshe shi ne injin da ke juyi da gaske. Ana manna ma'aunin miƙewar ƙarfe a jikin 'yan fukafukai, a aiko da saƙonsu ta rediyo daga kan shaf, sai dai jiƙaƙƙen tururi ba ya barinsu su daɗe. Shi ya sa aka koma dasa idanu a jikin murfi, suna rubuta lokacin da bakin kowane fiffike ya gifta. Wanda ya lanƙwasa gaba zai iso da wuri, wanda ya lanƙwasa baya zai makara. A gudun mita 600 a sakan, lanƙwasar milimita ɗaya ba ta kai kashi biyu cikin miliyan na sakan ba, amma ana kama ta. Kuma a nan karkarwa ta fi jijjiga irin ta ganga sauƙin gani: tunda ba ta bin juyin shaf, lokacin isowar fiffike canzawa yake yi daga zagaye zuwa zagaye. Da akwai irin wannan ido a tashar da na ba ka labari, da jayayyar ba ta wuce mako ba.

Magani kuwa, ana ɗaure kawunan fukafukai da rawani na ƙarfe, ko a yi musu kafaɗa a tsakiya, yadda in inji ya ɗau gudu suka warware murɗarsu sai su dafe juna, gogayyar ta ci ƙarfin kaɗawa. Tsofaffin injuna waya ake zura musu ta cikin fukafukan. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ɓata musu jituwa da gangan. Ka ga mata uku na lugude a turmi ɗaya, karin na tafiya ne saboda taɓarensu kusan nauyi ɗaya ne. Ka ba ɗaya taɓarya mai nauyi, lugude ya watse. Haka ake ƙera fukafukai iri biyu masu ɗan bambancin murya, a jera su ɗaya bayan ɗaya, igiyar da ke zagayawa ta kasa miƙa ƙarfi daga fiffike zuwa maƙwabcinsa. Amma da tsadarta: rashin jituwa na iya tara jijjiga irin ta ganga a kan 'yan fukafukai kaɗan, kuma tun 1966 Denis Whitehead na Kambirij ya lissafa iyakar ninkin da hakan zai iya kaiwa.

Yanzu maganar Dadin Kowa. Gaskiya ne, tashar megawat 40 ce ta ruwa, fukafukan injin ruwa gajeru ne masu kauri, juyinsu a hankali, irin karkarwar da muke magana ba ita ce babbar damuwarsu ba, ko da yake su ma suna da nasu kukan in ruwa na murɗawa a bayan fiffike. Amma kai injiniyan Najeriya za ka zama, kuma mafi yawan wutar da ke hawa layin Jos zuwa Gombe daga tashoshin gas take fitowa. Egbin ta Legas kaɗai tabayin tururi shida gare ta, kowane megawat 220. Maiduguri ta sami tashar gas ta megawat 50 a 2023, kuma cikin abin da aka sanar a filin haƙar mai na Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, har da tashar wuta mai amfani da gas.

Ga inda abin ya shafe mu fiye da Turawa. An ƙera layin fukafukai na ƙarshe ne don cikakken lodi. In lodi ya yi ƙasa sosai, tururin bai isa ya cika tsawon fiffike ba, sai ya taru ta sama, ta gindi kuma ya juyo baya. Yana zuwa wa fiffike ta kusurwar da ba a tsara ba, ya ɓalle daga jikinsa, fiffiken ya koma fanka yana dama tururi har ya yi zafi sai an fesa masa ruwa. A wannan hali ne karkarwar ɓallewar iska da 'yan uwanta ke fitowa. A Yunin 2006 fiffike ya ɓalle a tabayin na inji na 5 a tashar nukiliya ta Hamaoka a Japan, bincike ya ɗora laifin a kan jijjigar da tururi ya haddasa lokacin ƙaramin lodi da lokacin da aka yanke lodi farat ɗaya. Turai ta dawo kan wannan bincike ne saboda wutar rana da ta iska sun tilasta wa tashoshinta hawa da sauka kullum. Mu kuwa ƙarancin gas da faɗuwar layi ne ke tilasta wa namu. Dokar babban layinmu ta ce a zauna tsakanin 49.75 da 50.25 Hz, amma duk wanda ya zauna ɗakin kula ya san sau nawa allura ke fita daga nan, kuma duk fitar tana matsar da ninkin nan na Campbell kusa da muryar fiffike. Lokacin da aka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe a Afrilun 2024, mu duhu muka gani. A ɗaya ƙarshen wayar, duk sanda babban lodi ya ɓace farat ɗaya, injuna ne ke shan fizgar.

To me za ka gina? Ka koma ƙirgen nan na faɗin fiffike. Na gaske, a ce yana kaɗawa sau 100 a sakan cikin tururi mai gudun mita 500, faɗinsa santimita 15: tururin na tafiyar mita 5 a kaɗawa ɗaya, faɗi 33 ke nan. Kai kuma da iskar mita 20 a sakan da fiffike mai faɗin santimita 10, in yana kaɗawa sau 6 a sakan, faɗi 33 ɗin nan za ka samu. Sau 6 a sakan, kyamarar waya mai ɗaukar hoto 240 a sakan za ta gani sarai. Ba ƙaramin aiki ba ne. A jami'ar Durham ta Ingila, Li He da ɗalibansa da iska mai ƙaramin gudu suka yi gwaje-gwajen da ake ambato har yau.

Kafinta ya haɗa maka akwatin katako doguwa, fanka mai ƙarfi a baya tana tsotsa, ba hurawa ba. A bakin shiga ka cusa tsinken shan lemo dam, ka rufe da wayar taga ninki biyu, su miƙar da iskar. Gudun iska ka auna shi da robar ƙarin ruwa da ka lanƙwasa ka zuba ruwa: a mita 20 a sakan ruwan zai rabu da milimita 22 zuwa 24. Ka jera fukafukai biyar, na tsakiya a kan boris da sifirin. Ka sa masa nauyi a wajen akwatin, domin in ya yi sakayau halin fiffiken jirgi zai nuna maka, ba na tabayin ba.

Ka fara da mafi sauƙi. Fanka a kashe, ka murɗa fiffiken ka saki, ka ƙirga kaɗawa nawa kafin girmanta ya ragu da rabi. Ka kunna fanka kaɗan, ka sake. Ka ƙara gudu, ka sake. In ƙirgen na raguwa, iska na kwantarwa. In yana ƙaruwa, ta fara bayarwa, kuma akwai gudun da za ka saki fiffiken ya ƙi tsayawa. Ranar da ka ga haka da idonka, ba mai sake rikita ka a wannan fanni. Daga nan ka matsar da ƙusar murɗawa wuri uku, gaba, tsakiya, baya. Sannan ka saki maƙwabta biyu su ma a kan sifirin, ka ga yadda gudun haɗari ya sauya, ka ɗaura wa ɗaya noti ka ga lugude ya watse. Wannan kaɗai ya isa aikin kammala karatu mai daraja.

In lokaci ya ba ka dama ka shiga auna matsi, ka kaɗa na tsakiya da motar keken ɗinki da ɗan kuranki, ka sa maganaɗisu a kan fulinta don Arduino, 'yar ƙaramar kwamfutar ɗaukar awo, ta san farkon kowane zagaye, ka tara zagaye ɗaruruwa ka ɗauki matsakaici, domin saƙon ƙarami ne ƙwarai. Nan ne nake roƙonka ka yi hattara. Robar da ke kai matsi daga ramin fiffike zuwa na'ura tana jinkirta shi. Mita ɗaya ta roba na iya cin kusan kashi uku cikin dubu na sakan, a kaɗawa 6 a sakan ya haura digiri 6 ke nan, in siririya ce ya fi haka. Tazarar da kake nema tsakanin matsi da motsi kanta ba lalle ta fi haka da yawa ba, sai roba ta mayar maka mai kwantarwa mai turawa a takarda. Ka gajarta ta iya iyawa, ka auna jinkirinta tukuna da lasifika a cikin rufaffen gwangwani. Ka rubuta zafin ɗaki a kowane gwaji, domin tsakanin sanyin safiyar hunturu da zafin azahar na Afrilu a Bauchi, nauyin iska na sauyawa da wajen kashi 8 cikin ɗari. In wuta ta yi ƙasa gudun fanka ya sauya, ka jefar da wannan awon ka sake. Ka sa raga a gaban fanka, ka sa gilashin kare ido.

A rahotonka ka faɗa ɓaro-ɓaro cewa akwatinka ba shi da igiyar tsawa, ba jiƙaƙƙen tururi, ba fizgar juyi, don haka ba ka ce ga gudun da injin Egbin zai yi karkarwa ba. Abin da ka auna shi ne wa ke ba wa ƙarfi tsakanin iska da fiffike, da abin da ke juya shi. Bayan nan ka zana akwatin naka a kwamfuta, ka ajiye lissafi kusa da awo, inda suka saɓa ka nemi dalili.

In ka zo Gombe hutu, ka taho mini da littafin da kake rubuta lambobin, har da na ranakun da gwajin ya ƙi. Su zan fara dubawa. Allah ya ba da sa'a.